SANIN DOKA: Ƙaramin babur da asiransin wata ukku

Duk shekara in kaka ta yi a Tondikandiya da ƙasar Kurfai, an yanke hatsi, wake ya shiga buhu, sai maganar babur ta taso cikin gidaje. Saurayi ya saida wake ko ɗan bajimi a kasuwar Balayara ta ranar Lahadi, idonshi na bisa ƙaramin babur ɗin nan da ake ce ma roba-roba. Ba shi shan mai da yawa, mace ma tana iya tuƙa shi, kuma shina kai mutum daga ƙauye zuwa Damana tun jaki bai kai rabin hanya ba. Wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda bisa amalanke cikin dare ya san amfanin babur, ba sai an gaya mashi ba.

Wurin ciniki ana duba taya, ana sauraren kukan inji, ana ja-in-ja bisa jikka biyar. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne takardu. Wasu na cewa: «Ai wanga ƙarami ne, ba mota ba ce, jandarma ba ruwanshi da shi.» Wasu kuma na bugun ƙirji suna cewa sun yanki asiransi, amma in an tambaye su ranar da za ta ƙare sai su yi shiru. Filin wanga wata na waɗanga mutane biyu ne.

A ɗauki misalin wani saurayi, irin wanda kowane ƙauye ke da shi. Cikin watan Nuwamba ya sayi babur na hannu ga wani mutumin Filinge. Mai saidawa ya miƙa mashi takardu cikin leda, ya ce: «Ga su nan, har da asiransi, sauran ta wata huɗu.» Saurayi ya yi murna, ya ga ya samu gyara. Cikin Janairu, da marece, bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Balayara ta nufi Filinge, wata yarinya ta fito bayan amalanke da tulu bisa kai. Ya taka birki, rairayin bakin hanya ya kwashe shi, ya buge ta. Ƙafa ta karye. Anka kai ta likita, jandarmomi sunka zo sunka auna wuri sunka rubuta.

Bayan kwana biyu shi da kawunshi sunka shiga mota sunka tafi ofishin asiransi da ledar takardu. Ma'aikacin ya buɗe, ya karanta, ya dubi saurayi, ya ce:

«Wanga suna naka ne?»

«A'a, na wanda ya saida mani ne.»

«Yaushe ka saya?»

«Wata biyu ke nan.»

Sai ma'aikacin ya juya ga dattijo ya ce: «Baba, ku yi haƙuri. Takardar ta gaskiya ce, ranarta ma ba ta cika ba. Amma doka ta ce in an saida abin hawa, asiransinshi na tsayawa bayan kwana biyar da ciniki. Da yaronku ya zo tun makon farko, da an gyara ta da sunanshi.»

Dattijo ya ce: «To ɗana, yanzu mi za a yi?»

«Kuɗɗin magani na bisa wuyanshi, Baba.»

Babur ya koma kasuwa da faɗuwa. Kuɗɗinshi ba su isa ba, anka buɗe rumbu tun sanyi bai wuce ba. Duk manomi ya san abin da ke jiran gidan da ya buɗe rumbu a Janairu in damina ta kama.

Ma'aikacin bai yi zalunci ba, doka ya faɗi. Nijar na cikin ƙasashen Afirka 14 da ke bin doka guda ta asiransi, wadda ake ce ma dokar CIMA. An sa hannu ga yarjejeniyarta a birnin Yawunde na Kamaru cikin 1992, ta fara aiki cikin 1995. Aya ta 41 ita ce ta kama saurayin nan. Aya ta 200 kuwa ita ce uwar zance: duk wanda za shi hau hanya da abin hawa mai inji, tilas shi kasance da asiransin da za ta biya ɓarnar da ya yi ma wani, ko ga jiki ko ga dukiya. Ayar ba ta ce babba ba, ba ta ce ƙarami ba. Inji ta ce. Tirela da roba-roba duk ɗaya suke gabanta. Keke da amalanken jaki ne kawai ba su ciki, don ba su da inji.

Nan akwai abin da ya kamata kowa shi fahimta tun kafin shi fidda ko dala. Wagga asiransi ta tilas, wadda mutanen Najeriya ke ce ma inshora, ba don mai babur anka yi ta ba. Don wanda ya buge ne. In ya karya yarinya, kamfani ke biyan magani. In ya kashe saniyar makiyayi, ko ya faɗa cikin rumfar mai tebur, kamfani ke biya. In rai ya salwanta, kamfani ke ba magada diyya bisa lissafin da doka ta tsara. Wanda anka goyo bayan babur shi ma shina ciki, ko da matar mai babur ce ko ɗanshi, don doka ta lissafa iyalin matuƙi cikin waɗanda ake biya. Amma shi matuƙin, in ya faɗi ya karye, wagga takarda ba ta biyanshi. In babur ya lotse ko anka sace shi, ba ta saya mashi wani. Masu yawa na jin haushi in sun ji haka, suna cewa to ina amfaninta. Amfaninta shi ne rumbun saurayin nan da ba a buɗe shi ba. Mai son a biya shi nashi rauni ko satar babur, akwai wani ƙari da ake yanka dabam, da kuɗɗinshi dabam.

Aikin asiransi ya yi kama da rumbun tsimi na gari. Kowa na zuba tiyarshi, wanda masifa ta faɗa ma sai a auna mashi. Bambancin shi ne nan ba a maido ma mutum tiyarshi in shekara ta wuce lafiya, kuma mai hankali ba shi baƙin cikin haka. Kamfanin farko na ƙasa, wanda anka kafa cikin 1978, sunanshi SNAR-Leyma, wato laima. Bayanshi akwai wasu kamar CAREN da NIA da SUNU. Manyan ofisoshinsu na Yamai, suna da wakilai cikin wasu garuruwa.

To, ga maganar gajeren lokaci. Ba tilas ne mutum shi biya shekara guda ba. Ana yankan asiransi ta wata guda, ta wata ukku, ta wata shidda, ko ta wata goma sha biyu. Dukkansu doka ta yarda da su, kuma cikin kwanakinta takardar wata guda na da ƙarfi daidai da ta shekara. Wanga sauƙi ne ga mutumin karkara, don kuɗɗinshi ba albashi ba ne, lokaci garesu. Mai noman rani na Bankuku da ke jigilar dankali wata ukku, ko saurayin da za shi aje babur cikin ɗaki shi tafi cin rani gaɓar teku, ba su da dalilin biyan watannin da babur ke kwance.

Sai dai arha ba ta ado. Wata guda ba ya tsayawa kashi ɗaya cikin goma sha biyu na kuɗɗin shekara, ya fi haka, don kowace takarda da nata kuɗɗin rubutu da haraji. Wanda ya yanki ta wata ukku har sau huɗu ya biya fiye da wanda ya yanki shekara gaba ɗaya, ban da kuɗɗin mota na zuwa da dawowa sau huɗu. Wanda ya san babur ɗinshi ba shi hutawa, rani da damina, kamar malamin makaranta ko mai awo da ke bin kasuwanni, gara shi daure shi biya shekara lokacin da wake ke da daraja. Gajerar takarda ta mai gajeren aiki ce.

Babban tarkonta kuwa shi ne ranar ƙarewa. Takardar shekara mutum na tuna ta da kaka. Ta wata ukku tana ƙarewa cikin tsakiyar rani, ranar da ba kowa ke tunaninta ba, kuma ba mai aiko da sallama. Da Faransanci anka rubuta ta, amma ba sai mutum ya yi lakwal za shi gane wurin da ya dame shi ba. Akwai ƴan kalmomi biyu: «du», wato daga, da «au», wato zuwa. Bayan kowace akwai lambobi. Ta farko rana ce, ta biyu wata, ta ukku shekara. In an rubuta du 10/11 au 09/02, ma'ana ta fara 10 ga Nuwamba, ta ƙare 9 ga Fabrairu da ƙarfe goma sha biyun dare. Hatsarin da ya auku ranar 10 ga Fabrairu da hantsi ba ya ciki. Ba roƙo, ba sanayya. Duk wanda ya yi wata biyu a makarantar yaƙi da jahilci ya iya karanta waɗanga lambobi, wanda kuma bai iya ba shi kai ma malamin makarantar ko wani ɗan lakwal na gida, a karanta mashi, shi sa alama ga bangon ɗaki.

Wasu da tsayuwar wata suke ƙirga. Wannan ba laifi, in dai mutum ya riƙe daren da ya fara. Wata ukku na sama kwana 88 ne ko 89, alhali daga 10 ga Nuwamba zuwa 9 ga Fabrairu kwana 92 ne, ke nan mai ƙirgan sama shina isa ofis da sauran kwana ukku ko huɗu a hannu. Wanda ke cikin hatsari shi ne mai cewa «sai bayan Salla» ko «sai na saida rago».

Abu na biyu, asiransi ba ta bashi. Tun gyaran da anka yi ma aya ta 13 cikin 2011, takarda ba ta fara aiki sai an biya kuɗɗinta. Mutum shi biya, shi amshi rasit, shi duba ko sunanshi ne anka rubuta, shi gwada lambar da ke bisa takarda da wadda ke bayan babur. Kuma shi yanka ga ofishin kamfani ko ga wakilin da kamfani ya sani. Takardar da wani ya zaro daga jaka bakin tasha, da rabin kuɗɗi, tana iya wuce da mutum shingen hanya sau goma, amma ranar hatsari za a tarar ba ta cikin littafin kowa. Haka nan mutum shi faɗi gaskiyar aikin da za shi yi da babur. Wanda ya ce na hawan kanshi ne, ya koma shina kabu-kabu ranar kasuwa, ya ba kamfani hujja bisa kanshi. Haka wanda ke ɗora mutum ukku da buhun hatsi bisa abin da anka ƙera don mutum biyu.

Sai maganar permi, kuma nan ne ƙanƙantar babur ta fi ruɗin mutane. Dattawan da sunka ga zamanin mobilet suna da gaskiyarsu in sun ce da can ba a tambayarsu permi. Dokokin hanya da ƙasashen nan sunka gada daga Faransa sun ware ƙaramin injin da girman cikinshi bai wuce 50 ba, irin na mobilet mai feda, sunka sassauta mashi. Amma abin da samari ke saye yau ba mobilet ba ne. Jikin ne ƙarami, injin kuwa 100 ne, ko 110, ko 125. Lambar na rubuce ga kartigiris, wato takardar shaidar babur, sau da yawa ma tana manne ga jikinshi. Irin wanga inji ya fita daga sassaucin mobilet, mai tuƙa shi na buƙatar permin babur, mai harafin A. Kowane abin hawa da harafinshi: B na ƙaramar mota, C na babbar motar kaya, D na motar fasinja. Ko can Faransa inda sassaucin ya samo asali, tun 2013 sun fito da wani permi na musamman don matasa masu hawan inji 50. Nijar kuma ta sabunta dokarta ta hanya cikin 2014.

Ma'aikatar sufuri ke ba da permi bayan jarrabawa biyu: ta sanin alamun hanya da ta tuƙi. Ana neman katin ɗan ƙasa, da takardar haihuwa, da hotuna, da shaidar likita. Ga mutanen ƙauye, takardar haihuwa ita ce ta kan tsaida aiki. Wanda ba a rubuta shi ba lokacin da anka haife shi sai shi nemi takardar alƙali da ke maye gurbinta, a gidan shari'a na Filinge, kuma gara shi fara da ita tun bai tara kuɗɗin babur ba. Gaskiya ce hanyar na da nisa ga mutumin Fandu ko na wani ƙauyen tudu, kuma da masu jarrabawa za su riƙa zagayowa manyan kasuwanni da samari da yawa sun shiga hanya. Amma nisa ba ya zama hujja gaban alƙali.

Ga inda permi da asiransi sunka haɗu. Kamfani na da ikon rubuta cikin yarjejeniya cewa ba ruwanshi in matuƙi ba shi da permi ko shekarunshi ba su kai ba. Doka ta tausaya ma wanda anka buge: aya ta 210 ta ce kamfani shi biya shi tukuna. Amma ayar nan ta ba kamfani damar juyowa bisa mai laifi shi nemi kuɗɗinshi duka. Ke nan mai asiransi marar permi ya biya kuɗɗin laima, amma ruwa na dukanshi. Iyaye su lura da wanga wuri. Asiransi na bin babur, tana rufe ƙane ko aboki da ya ara, in dai shina da permi. Uban da ya miƙa ma yaro ɗan shekara goma sha biyu makulli ya ce shi kai niƙa, da saninshi, ba shi da abin faɗi in kamfani ya biyo shi.

Sauran takardu ba su buƙatar dogon bayani, sai dai jere garesu. Babur ɗin da ya shigo daga Najeriya ko wata ƙasa sai an biya mashi duwan. Da takardar duwan ake samun kartigiris da lamba. Da kartigiris ake yankan asiransi da binyeti ta shekara. Wanda ya sayi babur marar duwan don arha ya sayi abin da ba a iya yi ma ko ɗaya cikinsu. Kaske kuma, hular kwano, doka ce, kuma tunda asiransin tilas ba ta biyan matuƙi, ita kaɗai ce tashi kariya.

Mutanen jihar Tilaberi na da wani dalili na kansu na sanin gajerar takarda. Saboda ƴan bindigar da ke kai hari bisa babura, hukuma ta hana yawo da babur dare da rana cikin jihar daga ranar 1 ga Janairu 2020. An ɗage hanin cikin Satumba 2021, anka sake maido shi wurare da yawa cikin Oktoba 2021. Wanda ya biya shekara cikin Disamba 2019 ya ga babur ɗinshi kwance cikin zaure, kwanakin takarda na tafiya. Darasin shi ne, in hani ya faɗo, kada mutum shi zauna. Shi kai takardarshi ga wakili shi nemi a dakatar da ita bisa sharuɗɗan yarjejeniya, tun ranar farko, don ba a dakatar da kwanakin da sunka riga sunka wuce. Kuma permi da asiransi ba su ɗage hanin hukuma. Kafin mutum shi sayi babur ko shi fito da wanda ya aje, shi ji daga bakin maigari, ko magajin gari, ko jandarmomi, inda anka yarda a bi da lokacin da anka yarda.

In ƙaddara ta auku, abin farko a kai mai rauni likita. Bayan haka a kira jandarmomi su auna su rubuta, don da takardarsu kamfani ke aiki. Mai babur shi sanar da kamfaninshi da hanzari. Doka ta ba shi aƙalla kwana biyar na aiki, kada shi bari su wuce. Dangin wanda anka buge su rubuta lambar babur da sunan kamfani, su adana kowace takardar magani da kowane rasit, ko na dala ashirin ne, don suna da ikon zuwa ga kamfanin da kansu.

Al'adar ƙasar nan ita ce a taru zauren maigari, a ba da haƙuri, dangi su ce sun yafe, Allah ya kawo. Hali ne mai kyau, ya kashe wuta da yawa tsakanin manoma da makiyaya. Amma a sani, kamfani na iya ƙin amincewa da sulhun da anka ƙulla ba da shi ba, kuma abin da mai babur ya ɗauki alkawarin biya cikin zaure na iya zama nashi shi kaɗai. Yafewa tsakanin mutane dabam, haƙƙin da kamfani ya riga ya amshi kuɗɗi dominshi dabam. Matar da mijinta ya rasu ta bar ƴaƴa biyar ba ta ci amanar kowa ba in ta yafe ma maƙwabci kuma ta kai takardunta ga kamfani. Masu gari da limamai su riƙa tambaya tun farkon zama: babur ɗin na da asiransi, kuma ranarta ba ta wuce ba? In an ce i, a aika yaro shi ɗauko ledar takardu, a karanta lambobin gaban kowa, sannan a ci gaba da magana.